Mene ne aikin dendarait a ƙwayar jijiya, kuma yana sake tsirowa idan ya lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu a fannin lafiya a nan Kano. Littafinmu ya ce aikin dendarait shi ne ya karɓi saƙo ya miƙa wa jikin ƙwayar jijiya, daga nan bai ƙara komai ba. To idan karɓa ce kawai, me ya sa yake da rassa barkatai haka? Kuma idan ya lalace, yana sake tsirowa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da littafin ya faɗa gaskiya ne, kuma zai ba ka maki a jarrabawa, sai dai ya yanke zancen tun bai kai ko'ina ba. Dendarait yana karɓar saƙo, amma a cikinsa ake auna saƙon, a haɗa shi da wasu, a rage wa wani ƙarfi a ƙara wa wani. Kafin komai ya isa jikin ƙwayar, an riga an yi yawancin lissafin a rassan nan. Kuma su ne ke sauya siffa idan mutum ya koyi wani abu.

A ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Mafi yawansu suna da sassa uku: jiki, inda cibiyar ƙwayar take, akson, wato zare guda ɗaya da ke fitar da saƙo, sai dendarait, rassan da saƙo ke shigowa ta kansu. Idan aka aza maka silaid a ɗakin gwaji aka ce ka bambance su, dubi kauri. Dendarait yana fitowa da kauri daga jikin ƙwayar, yana sirancewa yana rarrabuwa, kuma da wuya ya yi nisan da ya wuce milimita ɗaya ko biyu. Akson kaurinsa kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma wanda ya tashi daga laka zuwa yatsan ƙafa yana kai mita guda. Ɗigo-ɗigon nan na Nissl, inda ake ƙera furotin, suna shiga gindin dendarait amma ba sa shiga akson. Yawancin dendarait kuma ba su da rufin mayelin, wato kitsen da ke naɗe akson. Ba a iya ganin rassan nan sosai ba sai da Camillo Golgi na Italiya ya fito da rinin azurfa a 1873. Da wannan rinin Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya ya ga wasu 'yan ƙayoyi a jikin rassan a 1888, wasu masana na lokacin suka ce dattin rini ne kawai. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1906, alhali ba su yarda da juna ba a kan yadda ƙwayoyin ke haɗuwa.

Amsar farko ga batun yawan rassa ita ce wuri. Jikin ƙwaya ɗan mitsitsi ne, yawanci maikuromita 10 zuwa 50 (maikuromita 1,000 ne milimita ɗaya), ba zai ɗauki dubban mahaɗai ba, wato wuraren da wasu ƙwayoyin ke miƙo masa saƙo. Rassan ne ke samar da filin, don a ƙwayoyi da yawa fiye da kashi 90 cikin 100 na tantanin da ke karɓar saƙo yana kan dendarait. Ƙwayar firamid, mai siffar dala, ta ɓawon ƙwaƙwalwa tana karɓa daga mahaɗai dubbai, har zuwa dubun-dubata. Ƙwayar Purkinje da ke sarabelam, ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta wajen ƙeya, tana karɓa daga sama da 100,000.

Ga yadda abin ke gudana a mahaɗa guda, wadda ake kira sinaps. Tartsatsin lantarki ya iso bakin akson na ƙwayar da ke aikowa. Kalsiyam ya shiga, 'yan jakunkunan sinadari suka fashe suka zuba abin da ke cikinsu a ratar da ke tsakani, wadda faɗinta nanomita 20 zuwa 40 ne (nanomita 1,000 ne maikuromita ɗaya). Sinadarin ya haye ya kama makarɓansa a tantanin dendarait, kafofi suka buɗe. Duk wannan bai cika milisakan ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan sinadarin gulutamet ne ya kama makarɓin AMPA, sodiyam ke kwararowa ciki, cajin cikin reshen ya ɗaga sama. Wannan shi ne saƙon zuga. Idan GABA ne, ko gilaisin a laka, kuloraid ke shigowa, cajin ya tsaya inda yake ko ya ƙara yin ƙasa. Wannan shi ne saƙon hani.

Yanzu sai lissafi. Cajin cikin ƙwaya a hutunta yana zaune wajen milibolt -70. Ba za ta harba nata tartsatsin ba sai farkon akson ɗinta, inda kafofin sodiyam suka fi cunkushewa, ya kai wajen -55. Tazarar milibolt 15 ke nan. Mahaɗa ɗaya ta zuga a ɓawon ƙwaƙwalwa kuwa, abin da take iya kaiwa jikin ƙwaya bai cika wuce rabin milibolt zuwa ɗaya ba. Ka ga ashe guda ɗaya ba ta isa ba, sai gommai sun taru. Taruwar iri biyu ce. Ko dai mahaɗai daban-daban su yi magana a lokaci guda, ko kuma mahaɗa ɗaya ta yi ta maimaitawa da sauri, kafin tasirin na farko ya gushe na biyu ya hau kansa. Tasirin kowane saƙo yana ɗaukar kamar milisakan 10 zuwa 20 kafin ya baje, saboda haka saƙon da ya makara da rabin daƙiƙa ba zai tarar da kowa ba.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne batun nisa. Tantanin dendarait yana yoyo. Ka ɗauki tiyon ban-ruwa na masu lambu wanda ya huhhuje: ruwan da aka tura da ƙarfi daga baki, kafin ya kai ƙarshe ya zama ɗan tsiyaya. Haka caji ke zurarewa ta kafofin fotasiyam da ke buɗe a hanya, kuma siririn reshe ya fi mai kauri asara. Wilfrid Rall ne ya zauna ya fitar da lissafin wannan tun daga ƙarshen shekarun 1950, a lokacin da masana da yawa ke ganin rassan nesa ba su da wani tasiri. Abin da ya biyo baya shi ne, wurin da mahaɗa ta sauka yana da muhimmanci kamar ƙarfinta. Dubi yadda ƙwayoyin hani suka raba aiki: wasu suna kewaye jikin ƙwayar, wasu suna kama farkon akson inda ake yanke hukunci, wasu kuma suna can ƙololuwar rassa. Ta farkon akson tana iya rufe bakin ƙwayar gaba ɗaya. Ta kan reshe kuwa reshen nan kaɗai take kashewa, ta buɗe kafofin kuloraid cajin zuga ya zube nan take, sauran rassa na ci gaba da aikinsu. Ƙwayoyin hani ba su wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa ba, amma duk wanda ya taɓa ganin mai cutar tetanos ya ga abin da rashin hani ke yi. Gubar cutar tana hana sakin gilaisin da GABA a kan ƙwayoyin da ke motsa tsoka, sai zuga ta yi ta shiga babu mai tsawatarwa, muƙamuƙi ya ƙulle, baya ya sandare. Shi ya sa ake ba su dayazifam, wanda aikinsa ƙara wa makarɓin GABA ƙarfi ne.

Da a ce yoyon nan ne ƙarshen labari, da rassan nesa sun zama 'yan rakiya. Amma dendarait yana da nasa kafofin sodiyam da kalsiyam masu buɗewa da caji. A 1980 Rodolfo Llinás da Mutsuyuki Sugimori suka nuna cewa rassan ƙwayar Purkinje suna harba tartsatsin kalsiyam na kansu. A 1994 Greg Stuart da Bert Sakmann suka manna bututun awo biyu, ɗaya a jikin ƙwaya ɗaya a reshe, suka ga cewa idan ƙwaya ta harba, tartsatsin yana komawa baya ya shiga rassan. Wato reshe yana samun labarin cewa ƙwayar ta yi magana. An kuma gano cewa idan mahaɗai da dama a kan siririn reshe guda suka yi aiki tare, sakamakon ya fi jimillarsu nesa ba kusa ba, alhali da an warwatsa su a rassa daban-daban da kusan jimillar kawai za a samu. A 2020 wasu masu bincike a Balin ta Jamus, da suka yi aiki da naman ƙwaƙwalwar da aka cire wa masu farfaɗiya da masu ƙari a tiyata, suka ba da rahoton wani tartsatsi a rassan ƙwayoyin mutum wanda ya fi ƙarfi idan zuga ta zo daidai gwargwado, ya ragu idan ta yi yawa. Reshe irin wannan yana iya amsawa idan ɗaya cikin saƙonni biyu ya zo, ya yi shiru idan duka biyun suka zo tare, lissafin da a da ake ganin sai tarin ƙwayoyi ne ke iya yin sa. Wannan ce cikakkiyar amsar tambayarka ta farko: kowane reshe yana ɗan yanke nasa hukuncin kafin a kai gaban jikin ƙwaya.

Sai 'yan ƙayoyin nan da Cajal ya gani. Tsawonsu maikuromita ɗaya zuwa biyu ne, kuma mafi yawan mahaɗan zuga a ɓawon ƙwaƙwalwa a kansu suke sauka. Kowace tana da kai da siririn wuya, wuyan ne ke tsare kalsiyam a ciki don kada abin da ya faru a wannan mahaɗa ya malala zuwa maƙwabta. A kan ƙayar, kusa da makarɓin AMPA, akwai makarɓin NMDA, wanda maganiziyam ya toshe bakinsa. Ko gulutamet ya kama shi ba zai wuce da komai ba, sai idan cajin reshen ya riga ya ɗaga har ya ture maganiziyam ɗin. Sharaɗi biyu ke nan a lokaci guda: mai aikowa ya yi magana, mai karɓa kuma yana cikin motsi. Idan suka cika, kalsiyam ya shiga, ya tayar da wani furotin mai suna CaMKII, a ƙaro makarɓan AMPA a tantanin, kan ƙayar ya kumbura ya yi faɗi. Gobe idan saƙo iri ɗaya ya dawo, amsar za ta fi ta jiya ƙarfi. Tim Bliss da Terje Lømo ne suka bayyana wannan ƙarfafuwa mai ɗorewa a 1973, a hifokamfas na zomaye, sashen ƙwaƙwalwar da ke taimakawa wajen riƙe abin da aka koya. Idan kuma kalsiyam kaɗan-kaɗan yake shiga na tsawon lokaci, akasin haka ke faruwa, a janye makarɓan, ƙayar ta motse. Domin ƙarfafuwar ta wuce 'yan sa'o'i sai an ƙera sabon furotin, kuma dendarait yana da injinan ƙera shi a gindin ƙayoyin, ba sai ya jira daga jikin ƙwaya ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa tilawar da ake yi kullum da tazara ta fi zama a kai fiye da karatun dare ɗaya kafin jarrabawa. Gardawan makarantun allo sun daɗe da sanin haka a aikace.

Kada ka ɗauka duk ƙwayoyi suna bin zanen littafi. Ƙananan ƙwayoyin sarabelam rassa huɗu gajeru kawai suke da su. Ƙwayoyin da ke kawo jin taɓi da zafi daga fata, waɗanda jikinsu ke gefen laka, ba su da dendarait na ainihi, zare ɗaya ne ya rabu biyu. A ido da sashen sansana wari akwai ƙwayoyin da ba su da akson sam, da rassansu suke karɓa kuma da su suke aikawa.

Wani abu da zai amfane ka a asibiti: gwajin EEG da ake yi wa mai farfaɗiya ba tartsatsin akson yake ɗauka ba. Tartsatsin gajere ne, milisakan ɗaya ko biyu, bai cika haɗuwa da na maƙwabta ba. Abin da wayoyin da aka manna a fatar kai ke ji shi ne cajin da ke shiga da fita a dogayen rassan ƙwayoyin firamid, waɗanda suke tsaye a jere suna fuskantar saman ƙwaƙwalwa, don haka nasu ke taruwa har ya ratso ƙashi. Ko da hakan, da maikurobolt ake auna shi. Shi ya sa ƙifta ido ko cije haƙori ke ɓata zanen, kuma ake cewa a wanke kai kada a shafa mai kafin a zo.

Mu koma ga lalacewa, wadda ita ce ta fi shafar mutanenmu. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, a cututtuka da yawa rassa da ƙayoyi ne ke fara tafiya tun ƙwayar tana da rai.

Jariri yana zuwa duniya da ƙwaƙwalwa mai nauyin giram 350 zuwa 400, ta babba kuwa tana kai kilo 1.3 zuwa 1.4. Kusan duk ƙwayoyin jijiyar ɓawon ƙwaƙwalwa an haife shi da su. Ƙarin nauyin daga rassa ne da mahaɗai da mayelin da ƙwayoyin tallafi, kuma mafi yawansa a shekaru biyun farko yake samuwa. Tamowa a wannan lokaci tana barin rassa gajeru masu ƙarancin ƙayoyi. Rashin aidin a jikin mai ciki, wanda maƙoƙo ke nunawa, yana rage sinadarin tayirod, shi kuma sai da shi rassan Purkinje da na ɓawon ƙwaƙwalwa ke bajewa yadda ya kamata. Dalilin sa aidin a gishiri ke nan. Bayan yawaitar farko kuma sai a shiga sassabe: mahaɗar da ake amfani da ita ta zauna, wadda ba a amfani da ita a cire ta, har zuwa bayan balaga. Yaron da aka haifa da yanar ido ko harara-garke, idan aka bar shi, mahaɗan idon da ba ya aiki za su sha kaye a hannun na ɗayan. Ko an gyara idon daga baya ganin ba zai dawo daidai ba, don matsalar ta koma ƙwaƙwalwa. Yanar jariri a watannin farko ake cire ta, harara-garke kuma a kai shi asibitin ido tun kafin shekara 7, ba a jira ya girma.

Gubar dalma kuwa kai tsaye take zuwa inda koyo yake. Tana kwaikwayon kalsiyam, tana kuma toshe makarɓin NMDA, sai ƙayoyin yaro su kasa ƙarfafuwa. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ya kashe yara sama da 400, da yawa cikin waɗanda suka rayu kuma suka tashi da naƙasar ƙwaƙwalwa. A birni irin Kano hanyoyinta sun fi ɓoyuwa: wurin fasa tsofaffin batiran mota da narka dalmarsu, ɓarɓashin tsohon fenti, da kwallin dutse da ake ranɓaɗa wa jarirai, wanda aka sha gwadawa aka same shi cike da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira lafiyayye. Yaron ba lallai ya yi rashin lafiyar da za a gani ba, sai dai a ce ba ya gane karatu.

A shanyewar ɓarin jiki abin minti-minti ne. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin, kuma babban rabo yana tafiya ne ga famfon da ke fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu. Jini ya yanke, famfo ya tsaya, caji ya rushe, gulutamet ya malale ba mai kwashewa, makarɓan NMDA suka buɗe suka ƙi rufuwa, kalsiyam ya cika reshe. A gwajin ɓeraye an ga rassa suna kumbura gunduwa-gunduwa, ƙayoyi na ɓacewa cikin 'yan mintuna, an kuma ga da yawa sun dawo da siffarsu idan jini ya dawo da wuri. Wannan ne ya sa allurar narkar da gudan jini take da wa'adin awa huɗu da rabi, bayan hoton kai ya tabbatar ba zubar jini ba ce. Wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki, asibiti za a nufa da shi a lokacin, ba a kwana ana shafe-shafe. Yara masu sikila ma suna cikin haɗarin nan, ba tsofaffi masu hawan jini kaɗai ba. Irin wannan ambaliyar gulutamet ce ke ɓarna idan sukarin jini ya faɗi ƙwarai, ko farfaɗiya ta daɗe ba ta saki ba.

Sauran a taƙaice. A cutar mantuwa ta Alzheimer, yawan mahaɗan da suka ɓace ya fi komai tafiya daidai da tsananin mantuwar. A ciwon Fragile X, wani ciwon gado mai jawo naƙasar ƙwaƙwalwa, ƙayoyin suna da yawa amma dogaye ne sirara, ba su ƙosa ba. A gwajin dabbobi, damuwa ta makonni tana sa rassan hifokamfas su motse, ƙwayoyin maye kuma suna sauya yawan ƙayoyi a sashen da ke kula da jin daɗi, sauyin da ke daɗewa bayan an daina sha. Wanda ke fama da kodin ko tiramol yana buƙatar magani da lokaci, faɗa kaɗai ba ya warware abin da ya riga ya zauna a mahaɗai.

To, yana sake tsirowa? Ya danganta da ko ƙwayar tana raye. Idan ta mutu, kamar ƙwayoyin laka da shan-inna ke kashewa ko waɗanda ke tsakiyar inda jini ya yanke, ta tafi da rassanta, kuma a kusan duk sassan ƙwaƙwalwa ba a maye gurbinta. Idan tana raye, ƙayoyi suna fitowa suna ɓacewa cikin sa'o'i da kwanaki har a jikin tsoho, kuma rassan da damuwa ta sa suka motse a dabbobi sun miƙe bayan an ɗauke damuwar. Manyan rassa dai ba sa sake dogon tsiro a babba yadda suke yi a jariri. Bayan shanyewar ɓarin jiki, ƙwayoyin da ke kewaye da inda ya mutu suna fitar da sababbin ƙayoyi, kuma wannan ya fi ƙarfi a watanni uku na farko, ya ci gaba a hankali har wata shida da bayansa. Sabuwar ƙaya ba ta zama sai an yi amfani da ita, don sharaɗin NMDA ɗin nan bai canja ba: dole saƙo ya zo, mai karɓa kuma ya motsa. Saboda haka gashi da tausa da wani zai yi wa majiyyaci yana kwance suna hana gaɓoɓi sandarewa, amma ba su ne ke gina mahaɗa ba. Abin da likitan motsa jiki ke nema shi ne majiyyacin da kansa ya yi ta ƙoƙarin ɗaga kofi, ɓalle maɓalli, taka ƙafa, sau da yawa kowace rana, da hannun da ya raunana ba mai lafiyar ba, kuma a fara da zarar likita ya ce jikinsa ya daidaita.